Shaidun Man Tausa

Ina da shekara arba'in da 'yan kai na shiga ajin yaƙi da jahilci, a makarantar firamaren da ke bayan gidanmu a Gwaram. Da la'asar muke zuwa, bayan yara sun tashi, mu zauna a kan bencinsu gwiwoyinmu na tokare da tebur. Sai da na shekara uku kafin hannuna ya daina rawa a kan layi. Da na iya kuwa, babu wanda bai sani ba a unguwar. Ni ba a taɓa yabona da sanyin baki ba. Matar da ta yi mini dariya ranar da na fara fita da jakar littattafai, a bakin famfo na tare ta, gaban mutane, na ce ta karanta mini abin da aka rubuta a jikin bokitinta. Ba ta ƙara ba. A lokacin gani nake burgewa ce.

Sana'ata tausa ce. Masu jego nake yi wa, da tsofaffin da gwiwa ta riƙe, da matan da suka wuni sunkuye a gonar gyaɗa suka kasa miƙewa. Goggo ce ta koya mini, ƙanwar mahaifina, wadda ta riƙe ni a Surko tun rasuwar mahaifiyata har ta kai ni ɗakin miji. Da man kaɗe take aiki. Ta ɗora shi a 'yar tasa a gefen murhu ya narke, ta lakata, ta murza a tafi, sannan ta kama mutum. Haka ni ma na yi shekaru ina yi, har ƙanena ya kawo mini wani man daga Kano.

Ƙanen nawa uba ɗaya muke. Yana da shago a Kano, yana sayar da sabulu da turare da mayukan shafawa. Wannan man a 'yar kwalba mai faɗi yake, murfinta kore, da hoton hannaye biyu a kan kafaɗar wani mutum. Fari ne tas, yana ƙamshin na'a-na'a. In ka shafa sai ka ji sanyi ya ratsa fata, can kuma ɗan ɗumi ya biyo baya. Mata suka so shi. Wadda na yi wa tausa da shi sau ɗaya, in na koma mata da man kaɗe sai ta ɓata rai ta ce, "Yau na talakawa aka kawo mana?" Na fara sayar musu da shi ma, kwalba-kwalba.

Ganin yana tafiya, sai shi da wasu abokansa suka haɗu suka yi odar kaya masu yawa ta jirgin ruwa. Kayan suka iso tashar Legas suka maƙale. Wata ranar Juma'a, ana cikin yankan gero, sai ga shi a gidana. Ya zauna a kan tabarma ya ƙi taɓa furar da na dama masa.

Na ce, "Ko dai ka sha, ko ka faɗi abin da ya kawo ka. Ba na son a zauna mini kamar gidan makoki."

Ya ce, "Yaya, kwastam ne."

Ya yi mini bayani, kuma tunda ni ma ban san komai a kai ba kafin ranar, bari in faɗa yadda ya faɗa mini. 'Yan kwastam suna da wani ƙaton kundi. Duk abin da ake shigowa da shi ƙasar nan yana da gidansa a ciki da lambarsa, daga allura har injin niƙa. Kuɗin fiton da za a biya ya danganta da gidan da aka ajiye kaya. Gidan magani kuɗin fitonsa da sauƙi, don ba a son a tsauwala wa marasa lafiya. Gidan kayan kwalliya, inda hoda da jan baki da man shafawa suke, nasa da nauyi. Su ƙanena sun rubuta cewa kayansu magani ne. Ma'aikatan suka buɗe kwali ɗaya, suka duba, suka ce a'a, gidan kwalliya ne ya dace da shi. Ejan ɗin da ke fitar musu da kaya a Legas ya ce sai an kawo takardun da za su nuna magani ne, kamfanin da ya yi man kuwa bai ba su komai irin wannan ba.

Raina ya ɓaci kamar ni aka zaga. Na ce, "Kwalliya? Tsohuwar da ba ta iya tsugunawa ta yi alwala, kwalliyar me take yi da gwiwarta? Su 'yan kwastam ɗin sun taɓa roron gyaɗa?"

"Takarda suke so, Yaya."

"To a kai musu shaidu mana."

Ni na kawo shawarar, ba shi ba, ina so a san wannan. A wajenmu in aka yi gardamar iyakar gona, dattawan da suka ga kakan wane yana noma wurin ake kira. In aka yi musun an saki mace ko ba a sake ta ba, wanda ya ji da kunnensa ake nema. Ban taɓa ganin gardamar da shaidu suka kasa rabawa ba. Na ce zan bi matan da na yi wa tausa ɗaya bayan ɗaya, in rubuta abin da man ya yi musu, kowacce ta dangwala yatsa, a kai wa manyan kwastam su gani da idonsu. Sai ya jawo ƙwaryar furar. Ya ce, "Ai kuwa karatun nan naki zai yi rana."

Wannan maganar ce ta kama ni. Tunda na iya rubutu, ban da sunana a katin asibiti da lambobin waya a bayan kalanda, babu wanda ya taɓa neman rubutuna don wani abu. Yanzu ga shi za a kai shi Legas, a buɗe a gaban masu kaki.

Na je Birnin Kudu na sayo sabon littafi mai bango mai tauri, da biro biyu, da 'yar tawadar dangwale irin ta ofis. Na fara da matan unguwarmu, kuma nan take na gamu da matsala: gaskiyarsu ba ta da nauyi. Wannan ta ce yana da sanyi. Waccan ta ce ranar ta yi barci mai daɗi, washegari ciwon ya dawo. Wata ta rufe baki da mayafi ta ce ita dai maigidanta ya ce ƙamshin ya yi. Aka kwashe da dariya. Na ce, "Ke ai shaidar 'yan kwastam ce, tashi ki ba ni wuri." Na dubi shafi biyun da na cika, na ga in ni ce alƙali, da kaina zan kai man nan gidan hoda.

Sai na fara ƙari. Da farko kaɗan ne, wadda ta ce ta ji sauƙi in rubuta ta warke. Kafin in isa Zandam hannuna ya saba. Wata mai ciwon baya a can, da ƙafarta ta fito ta tarye ni ɗauke da tulu, na rubuta ta shekara tana kwance sai an juya ta. A Fagam akwai wata dattijuwa da yatsunta ke yi mata tsami in ta daɗe tana sussuka. A littafina ɓarin jikinta ne ya shanye, man ya tashe ta. Ina rubutawa ina jin daɗin yadda maganar ke fita sumul a kan layi, ba gogewa ba sokewa.

Babu wadda ta ce in karanta mata. Tawadar suke kallo.

"Zaɓe ne ya zo da wuri?"

"In taki za a raba, ki sa ni sau biyu."

"Ina atamfar? Mu ba ma dangwale a bushe."

Su miƙo babban yatsa, in kama, in danna a tawada, in danna a takarda, su goge a bakin zani. Sun saba miƙa yatsa ga duk wanda ya zo da littafi. Ni ma shekara arba'in haka na yi, na san takaicinsa, shi ne ma ya kai ni aji. Ko sau ɗaya ban tuna da wannan ba a kwanakin nan.

Surko na bari a ƙarshe. Goggo tana da ciwon suga. Ƙafafunta sun daɗe ba sa ji sosai, har ta taka tsinken kara a tsakar gida ba ta sani ba, sai da surukarta ta ga jini a tabarma. Wurin ya zama ɗan gyambo a ƙarƙashin babban yatsan ƙafar dama, ƙafar ta kumbura. Duk mako ɗanta yana ɗaukarta a babur ya kai ta asibiti a Birnin Kudu, a wanke a naɗe. Ta tsani tafiyar. Ga jijjigar hanya, ga layi, ga ma'aikatan da ke yi mata faɗa a kan shayi mai zaƙi. Amma tana zuwa, kuma gyambon ya fara tsukewa.

Na same ta a inuwar rumbu tana ɓare gyaɗa. Surukar tata, matar ɗanta, tana gefe tana tankaɗe. Matar nan shekara goma sha wani abu tana gidan, ban taɓa ɗaukarta a bakin komai ba. Shiru gare ta, aikinta a hankali, ni kuwa na ɗauki shiru wauta ne.

Goggo ta ce, "A'a, Malama ce da kanta. A ba Malama kujera, masu ilimi ba sa zama a ƙasa." Tun da na fara zuwa aji haka take kirana, rabi tsokana rabi alfahari.

Na yi mata tausar kafaɗa da man. Ta ce ba laifi, yana da sanyi, amma man kaɗe ya fi shi riƙe hannu. Na zauna na rubuta nata shafin. Na kama yatsanta zan kai tawada, sai ta janye.

"Karanta mini tukuna."

"Goggo, shaida ce kawai, ta man nan."

"Na ji. Karanta. Ba don haka kika je makarantar ba?"

Na karanta, murya ƙasa-ƙasa. Abin da na rubuta shi ne ƙafarta ta kumbura ta yi gyambo, asibiti sun yi iya yinsu sun gaza, da ta shafa man nan ta warke sarai.

Goggo ta miƙo ƙafar, naɗe da bandeji, ta ɗora a kan cinyata. "Malama, to wannan ta wace ce?"

Surukar ta ci gaba da tankaɗe, ba ta ɗago ba, amma na ga gefen bakinta ya motsa. Ko murmushi ne, ko gari ne ya shiga mata hanci, Allah ne ya sani. Ni dai raina ya tashi. Da na ce, Goggo, na yi ƙari, bari in yage, da an yi dariya an wuce wurin. Maimakon haka sai na ce, "Ai kafin littafin ya isa Legas kin warke. Shi ya sa na rubuta tun yanzu."

"Da me zan warke?"

"Da shi mana. Magani ne. Ga shi nan a rubuce."

Na ɗauki kwalbar na juya bayanta, inda aka jera ƙananan rubutu na Turanci. Turanci ban iya ba. Malamarmu Hausa ta koya mana da lissafi. Haruffan nakan gane, in haɗa su in fitar da wani sauti, amma ma'ana babu. Na ɗora yatsa a kan layin farko ina ja a hankali, yadda na ga ma'aikatan asibiti na yi, na ce, "Yana maganin ciwon jijiya. Yana maganin kumburi. Yana maganin gyambo."

"Har gyambo?"

"Har gyambo."

"Ke kika karanta da idonki?"

"Ga ni ga ki, Goggo."

Ta daɗe tana kallona. Goggo ba a yi mata wayo a ciniki, ba a yi mata a awo, ta san mai ƙarya tun kafin ya gama sallama. Amma rubutu abu ne da take girmamawa daga nesa, kuma 'yar da ta riƙe ce ta je ta koyo shi. Ta miƙo yatsan. Na bar mata kwalba biyu na tafi.

Ban ce ta daina zuwa asibiti ba. Na daɗe ina kare kaina da wannan in na tuna. Amma bayan kamar mako uku surukar ta kira ni a waya, ina tsakiyar yi wa wata mai jego tausa, ta ce, "Yaya, Goggo fa ta ƙi zuwa wankin ƙafa. Ta kwance bandejin, man nan take cusawa."

Na maƙale wayar a kafaɗa na ce, "To ke likita ce? Ki bar ta ta gwada mana. Ku kullum sai kawo ƙara."

Ta ce, "To, Yaya," ta kashe. Littafin tuni na ba direba ya kai Kano, ina zaune ina jiran labari.

Labarin ya zo ranar wani suna a Birnin Kudu, gidan 'yar yayanmu, lokacin an fara yankan dawa. Ƙanena ya iso da hantsi cikin sabuwar shadda, fuska a sake. Na ja shi bayan motarsa na ce, "Yaya aka yi? Sun karanta?"

"Me? Au, kaya. Ai sun fito tuni, Yaya, sun kusa wata a shago."

"Littafina nake tambaya."

Ya sosa ƙeya. Ya buɗe bayan motar, ya ɗaga dardumar salla da wata jarka, ya zaro shi. Bangon ya sha baƙin mai. Ko Legas bai je ba.

Ya ce ya ɗauki hoton shafi biyu ya tura wa ejan a waya, ejan ya kira shi yana dariya har da tari. Wai, Alhaji, nan ba gaban mai unguwa ba ne. Kwastam ba sa tambayar wanda ya shafa ya ji me. Abin da ke cikin kwalba suke dubawa, da abin da kamfanin ya rubuta a jikinta cewa an yi shi dominsa. In akwai sinadarin da ke maganin wata cuta, kuma an rubuta cutar da yadda za a yi amfani da shi, sai a yi maganar gidan magani, nan ma sai hukumar da ke kula da magunguna ta gwada ta amince. In kuwa mai ne na laushin fata da santsin hannu, ko matan Jigawa kaf sun rantse, a gidan kwalliya zai kwana. Sai su ƙanena suka haƙura suka biya na kwalliya, aka sakar musu kaya.

Na ce, "To me aka rubuta a jikin kwalbar?"

Ya ɗauko ɗaya daga cikin motar, ya ƙanƙance ido. Shi ya yi sakandare. "Man tausa. A shafa a fata a murza. Kada a bari ya shiga ido. Kada a sa a kan rauni ko inda fata ta fashe."

Na ce ya sake karanta na ƙarshen. Ya sake.

Abin da na iya shi na yi, na hau shi da faɗa. Na ce wata guda ka san ba magani ba ne ka yi shiru, ka sa na yi yawon ƙauyuka kamar mai tallan jam'iyya, ka mai da ni abin dariyar wani ƙato a Legas. Mata suka fara leƙowa daga zaure. Ya bari na gama, don ya san ni, sannan ya buɗe littafin.

"Yaya, na karanta shi fa. Abin da suka faɗa muka ce ki rubuta." Ya juya zuwa shafin ƙarshe. "Nan kin ce Goggo ta warke sarai. Ɗazu ɗanta ke gaya mini ko taka ƙafar ba ta iya yi, shi ya sa ba ta zo ba."

Ban shiga na ga jaririyar ba. Na fizgi littafin na tare mai babur, sai Surko.

Tun daga ƙofar ɗakin na ji warin, ya cuɗe da ƙamshin na'a-na'a. Har yau in aka matsa man goge baki kusa da ni sai in tashi daga wurin. Goggo tana kwance a kan gado, jikinta zafi rau, ƙafar naɗe da tsohon ɗankwali. Surukar tana zaune a bakin gadon tana korar ƙuda da mafici. Na kwance ɗankwalin. Babban yatsan ya yi baƙi, na kusa da shi ya fara bin sa, farin man ya cika ramin gyambon.

Na ce, "Goggo, tashi mu je asibiti."

"Malama ce? Ai yana aiki. Dattin ne yake fitowa, shi ya sa kike jin wari."

"Duk da haka mu je su duba."

"Su duba me? Su da suka gaza. Ke kika rubuta."

Na gwada ta ta kowace hanya, ban da guda ɗaya. Na ce man ya fi ƙarfi in an haɗa da allura. Na ce sugan kawai za a auna, ba za a taɓa ƙafar ba. Na ɗaga murya, ta ce in rage, nan ba kasuwa ba ce. Ɗan nata ya dawo daga wajen sunan ya tsaya a bakin ƙofa. Ya ce makonni ke nan suna fama da ita, kullum amsarta ɗaya: 'yarta ta karanta a jikin kwalba.

Surukar ba ta ce, ai na kira ki ba. Mafici kawai take kaɗawa. Da ta yi mini gori da na samu abin kamawa, faɗa ba ya yi mini wuya.

Na durƙusa a ƙasa, inda Goggo za ta ga fuskata. Na ce, "Goggo, ƙarya na yi miki."

"Wace ƙaryar?"

"Ban iya Turanci ba. Ban karanta komai a jikin kwalbar nan ba, yatsa kawai na ja. Ba magani ba ne. Mai ne na santsin hannu, a gidan hoda da jan baki aka shigo da shi. An ma rubuta kada a sa shi a kan rauni. Yau aka karanta mini."

"Da kumburin, da gyambon?"

"Daga kaina na faɗa."

"Don me?"

Na ce, "Don kada a yi mini dariya."

"Wa zai yi miki dariya a gidan nan?"

Ban dubi surukar ba, amma kowa a ɗakin ya san inda na ƙi duba. Goggo ta juya fuskarta ga bango. Na ɗauka shi ke nan, ba za ta tashi ba. Can ta yi magana, da surukar take, ba da ni ba. Ta ce, "Ɗauko mini mayafina da katin."

Ƙanena aka kira ya kai mu a motarsa. A asibiti wata nas, sa'ar 'yata ta fari, ta buɗe ƙafar ta ja da baya. Ta ce, "Wane mai tallan magani ne ya sayar muku da wannan?"

Surukar ta ce, "Wani ne a kasuwa."

Rufa mini asiri take yi, kuma da ta mare ni da ya fi mini sauƙi. Na ce, "Ba wani ba ne. Ni ce."

Nas ɗin ta dube ni daga sama har ƙasa. "Baba, da girmanki?" Ta wanke ni tas a gaban marasa lafiya da masu jinya, tana aiki tana faɗa. Ranar ce aka fara yi mini faɗa a rayuwata ban rama ba.

Yatsu biyu aka cire. Likita ya ce da an ƙara 'yan kwanaki, ba a yatsu za a tsaya ba. Ta fi mako uku a kwance. Ni da surukar muka raba jinya, ita yau ni gobe. Goggo tana amsa gaisuwata, tana cin abin da na dafa, in ta ga dama ma ta tsokane ni a kan yawan gishiri. Malama ce dai ba ta sake kirana ba.

A cikin kwanakin na bi matan unguwarmu, sannan na je Zandam da littafin. Na karanta wa kowacce abin da na rubuta a kanta, na yage shafin na ba ta. Mai ciwon bayan nan ta yi dariya har da hawaye, ta kira maƙwabta su zo su ji yadda ta shekara a kwance ba ta sani ba. Wata kuma ba ta yi dariya ba. Ta dubi tabon yatsanta a takardar ta ce, "Ashe ke ma haka kike," ta jefa shafin a murhu ta ci gaba da tuƙa tuwonta. Na rufe littafin na fita. Fagam na ce sai mako mai zuwa. Har yau shafukan Fagam suna cikin littafin, a ƙasan akwatina.

Ranar sallama nas ta zo da magunguna a leda, da takardar yadda za a sha. Da Hausa ta rubuta, don ni na roƙe ta tun da safe, na ce wannan kam zan iya karantawa. Na miƙa hannu. Goggo ta riga ni karɓa, ta ninke takardar ta ƙulle a bakin zani.

Ta ce wa nas ɗin, "'Yar nan, faɗa mini da baki. Sau biyu. Ita ma ta ji." Ta nuna surukar da haɓa.

Nas ta faɗa: farin da safe kafin a ci komai, mai ja da rawaya bayan kowane abinci, ƙaramin sau ɗaya bayan magariba, wankin ƙafa ranar Litinin da Alhamis. Surukar tana maimaitawa tana riƙe yatsu. Ta yi kuskure a na biyun, nas ta gyara mata, ta sake faɗa daidai. Na tsaya a gefe riƙe da fulas da tabarma. Da aka gama, ɗan ya kama Goggo ta dama, surukar ta hagu, suka nufi ƙofa a hankali tana jan ƙafar. Na tattara sauran kayan na bi su a baya.